Cokali Ya Riga Buta

Kowane jirgi da ya tashi sai ya sauka, kowane rai kuma sai ya koma ga Wanda Ya hura shi. Na Allah ne mu, gare Shi tafiyar take ƙarewa. Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Rajab, da hantsi, muna ɗakin bayani ana zana mana hanyar da za mu bi a jikin allo, sai Kwamanda ya shigo riƙe da hularsa a hannu. Ya ce likitan rundunarmu ya cika a asibitin sojoji, bayan jinyar da ta yi tsawo. Mai zane ya ajiye alli. Can a rumfar jirage wani makanike yana ta bugun ƙarfe bai san abin da ya faru ba, sai da aka aika aka ce ya dakata.

Baba Likita, haka muke kiran ka a gabanka. A bayan idonka kuwa, tun da yanzu ba ka da halin ɗaukar mataki, ina sanar da kai a hukumance cewa sunanka Mai Labule. Ina rubuta wannan ta'aziyya da alhini, amma alhinin nawa cike yake da tambayoyi, domin ka tafi ka bar mu da abubuwan da ba mu gama fahimta ba. Ka kuma tafi a makon da aka yanke cewa ɗakinka, wannan daula mai faɗin taku kaɗan da ke ƙarshen baranda, za a kwashe shi ranar Alhamis a mayar da shi ma'ajiyar kaya. Mu matuƙa jiragen yaƙi ne, amma mun rasa wanda zai fito ya kare kujera ɗaya da labule.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, ga tsarin wannan babbar kotu. Kujera ɗaya ce mai laushi, wadda ta sha zama har ta ɗauki siffar bayan matuƙa. Baƙin labule mai kauri ya rufe taga, ko rana tsaka ce mutum ba ya ganin tafin hannunsa. A ƙasa, gefen dama, akwai tiren ƙarfe. Duk wanda idonsa bai yi maka ba kafin tashi, sai ka ce, "Ɗana, zo mu sha shayi." Gayyata ce da ba a ƙi. Ka karɓi wayarsa ka jefa a kwando, ka zaunar da shi, ka ba shi cokali ya riƙe da yatsu biyu, hannu na lilo a saitin tire. Ka ce ya rufe ido, ka ja ƙofa. A waje kuma ka ɗora buta a wuta. Shi ke nan shari'a ta zauna. Idan buta ta riga yin fito, mutum ya fito ya sha shayinsa ya nufi jirginsa. Idan kuwa barci ya saki yatsunsa, cokali ya faɗa tire kafin ruwa ya tafasa, to ƙarar nan ita ce hukunci: ba tashi a ranar, sai barci, kuma babu ɗaukaka ƙara. Sai ka leƙa ka ɗauke cokali, ka ce, "Koma abinka. Sama ba ta gudu."

Tambayata ta farko, wadda ta hana ni sakat tun ina sabon shiga: me ya sa cokali? Kai da ka sha karatu har gilashin idonka ya yi kauri, kai da kake da na'urar auna bugun zuciya da ta auna gani da ta auna ji, me ya kai ka kayan kicin? Wata rana na tattara ƙarfin halina na gabatar da wannan muhimmiyar mas'ala a gabanka. Ka dube ni ta saman gilashi.

Ka ce, "Cokali ba na'ura ba ne, kuma ba komai yake gani ba. Amma gaya mini, tun da ka shiga aikin nan, ka taɓa jin soja ya ce ya gaji?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko da wasa."

Ka ce, "To shi ya sa. Bakinku ba zai faɗa ba, ko za ku mutu. Sai na samo muku mai faɗa. In cokali ya faɗi, ba kai ka ce ba, ƙarfe ne ya ce. Wa zai yi wa ƙarfe gorin ragwanci?"

Na daɗe ina jujjuya wannan magana. Mu mutane ne da aka horar a kan cewa ana iya komai. A tambaye mu ko mun shirya, mu amsa da ƙarfi tun kafin a gama tambayar. Wanda ya kwana a sama ya sauko da asuba, in aka ce akwai wani tashi da yamma, shi ne zai fara ɗaga hannu don kada a ce. Kai ne ka gane cewa wannan jarumtar tana da rami a tsakiyarta, kuma ka rufe ramin ba tare da ka kunyata kowa ba.

Kana yawan gaya mana cewa mai gajiya shi ne na ƙarshe da zai san ya gaji. Ka ce barci ɓarawo ne da ba ya jiran dare: yana iya ɗauke mutum na ɗan ƙiftawa, ido a buɗe, hannu a kan sandar tuƙi, ya dawo da shi bai san ya tafi ba. A ƙasa wannan ɗan ƙiftawar abin dariya ce. A sama kuwa, a irin gudunmu, tana iya zama tazarar da ke tsakanin titin sauka da katangar sansani. Ka ce kofi ba ya korar gajiya, mayafi kawai yake yafa mata, don haka a sha shi a farkon aiki, kada a sha shi dab da kwanciya a zo ana zargin katifa. Ƙwayar hana barci kuwa ka kulle ta a aljihun teburinka, ba ta fita sai da larura ta gaske, daga hannunka zuwa bakin mai ita, kuma wanda ya sha sai ka ga ya rama barcinsa kafin ka sake barin sa ya kusanci jirgi. Ko wanda ya farka a kujerarka ba ka sakin sa nan take. Sai ya zagaya baranda cikin hasken rana har nauyin kai ya sauka, domin ka ce wanda ya tashi daga barci yanzun nan gangar jikinsa ce kawai ta iso.

Tambayata ta biyu: ta yaya kake sanin abin da ke faruwa a gidajenmu? Kai ne kaɗai hafsan da na sani wanda yake ɗaukar haƙoran jariri a matsayin lamarin tsaron ƙasa. Matar ɗayanmu ta haifi tagwaye, shi kuwa yana zuwa aiki yana murmushi, idanu kamar an barbaɗa musu yaji. Kafin ya gama gaisuwa ka ce, "Wanne ne ya yi gadi jiya, babban ko ƙaramin?" Ka je wurin Kwamanda ka ce kwana da jariri mai kuka daidai yake da kwanan aiki, a sassauta masa tashin sassafe. Kwamanda ya ce babu wannan a dokar soja. Ka ce, "Yallaɓai, tagwayen ba su karanta dokar ba." Aka sassauta. Har yau uban tagwaye in ya tuna sai ya kau da kai.

Ba zan ɓoye wa tarihi ba, an yi wa kotunka zagon ƙasa. Akwai abokin aikinmu da muke kira Dabara, wanda Allah Ya hore wa basira amma bai nuna masa inda zai kai ta ba. Ranar da ka gayyace shi shayi, ashe ya shafa gam a yatsunsa. Buta ta yi fito, cokali bai faɗi ba. Ka buɗe ƙofa za ka taya shi murna, ka tarar da gwarzon namu ya saki baki, kai ya karkace, minshari na tashi kamar injin da ake gwadawa, cokali kuwa na nan manne da hannu cikin cikakkiyar biyayya. Ba ka tashe shi ba. Ka lulluɓa masa bargo, ka ja ƙofa. Da ya farka ya fito yana neman ruwan zafi ya ɓanɓare hannunsa, abin da kawai ka ce shi ne, "Ɗana, in ka gama da cokalina ka dawo mini da shi." Daga ranar Sajan mai jinya, mataimakiyarka, take duba yatsun kowa a bakin ƙofa kamar mai duba farcen 'yan makaranta.

Sai maganar Zakara. A nan zan rage wasa.

Zakara shi ne gwanin cikinmu, ba mai musu. An sa masa sunan ne domin yana riga kowa tashi kuma yana son a san ya riga. Takensa shi ne barci na ragwaye ne. Shekarun baya aka shirya babban atisaye, manyan hafsoshi za su zo kallo, shi ne zai ja jerin jirage, kuma kowa ya san ƙarin girma na biye da wannan rana. Kafin nan ya yi kwanaki yana tashin dare a jere. Da safen ranar ka gan shi yana ɗaura takalmi, ka ga ya ɗaura igiya ya kwance ya sake ɗaurawa. Ka gayyace shi shayi. Cokali ya faɗi tun buta ba ta fara gunaguni ba. Ya fito ya ce santsi ne. Ka goge cokali da gefen rigarka, ka sake ba shi. Ya faɗi da sauri fiye da na farko.

Waɗanda suka ji suka ce ya ce maka, "Likita, za ka rushe mini aikin shekaru saboda cokalin shayi?"

Ka ce, "Gara ka ji haushina kana da rai."

Wani ya ja jerin jirage, wani ya riga shi samun tauraro. Tun daga lokacin tsakaninku sai sara wa juna, ba gaisuwa, ba hira. Ya zo ya samu girmansa daga baya, ya zama shugaban ayyuka na runduna, mai tsara wa zai tashi da wa zai zauna. Da ciwo ya kwantar da kai, aka kawo sababbin kayan aiki aka rasa inda za a zuba, shi ne ya kawo shawarar a kwashe ɗakin labule. Ya ce sansanin soja ne nan, ba masaukin baƙi ba. Kwamanda ya ja lokaci yana fatan ka warke ku yi ta ku biyu. Da jinya ta ƙi ƙarewa, aka tsayar da ranar Alhamis. Kai kuma ka cika ranar Litinin.

Tambayata ta uku ita ce wadda ba ka taɓa amsawa sosai ba. Me ya sa ka ɗauki abin nan da zafi haka, har ka yarda gwanin runduna ya yi shekaru yana fushi da kai? Tsofaffin makanikai suna ba da labarin cewa kana sabon likita ka taɓa duba wani matuƙi ka ce lafiyarsa ƙalau, ya tashi da lafiyayyen jirgi, sama tarwai ba ko gajimare, ya yi ta sauka a hankali a hankali har ya haɗu da tudu, bai kira kowa ba, bai ce komai ba. Ban san gaskiyar labarin ba. Na taɓa zagayawa na tambaye ka. Ka daɗe kana juya shayi, sannan ka ce, "Na taɓa auna wa mutum komai, ban da abu ɗaya." Ka miƙo mini sukari. Na gane an rufe zaman.

Ranar Laraba muka je gida yi wa iyalinka gaisuwa. Mama, matarka, ta karɓe mu a falo, ta sa aka kawo shayi. Tana miƙa kofuna sai ta ce mu yi haƙuri mu juya da cokali ɗaya, domin shekara da shekaru cokulanta na ɓacewa, ta zargi yara, ta zargi maƙwabta, har ta taɓa zargin ɓeraye. Muka dubi juna. Dabara ya sunkuyar da kai kamar zai shige cikin kofi. Uban tagwaye ne ya yi ƙarfin hali ya gaya mata inda cokulanta suke aikin soja. Ta yi dariya har hawaye suka zo, hawayen kuma suka ƙi tsayawa bayan dariyar ta wuce.

Da ta share ido ta ce, "Ina babban yayanku, dogon nan mai tsare gida? Ku gode masa. Tun da ciwon ya yi tsanani shi yake kwana a asibiti, ya ce in je in huta."

Muka ce wane dogo? Ta kwatanta. Zakara ne.

Ta ce ranar jajiberin rasuwarka ta shigo da sassafe ta tarar yana ba ka ruwa da cokali, domin ba ka iya riƙe kofi. Yana cikin ba ka sai kansa ya yi ƙasa, cokali ya suɓuce ya faɗa tiren magani. Kai da tun jiya ba ka yi magana ba, sai ka buɗe ido ɗaya ka ce, "Ɗana, yau ba tuƙi." Ta ce ba ta gane abin dariya a ciki ba, amma ku biyun kun yi ta yi, shi yana dariya yana goge fuska da hannun riga.

Baba Likita, a nan tambayoyina suka yi yawa har na rasa ta farko. Yaushe ya fara zuwa? Wa ya fara yi wa wani magana? Me kuka tattauna a waɗannan darare? Kuma in har ya huce, me ya sa bai janye umarnin kwashe ɗakin ba? Na yi zaton irin girman kan namu ne: mutum ya iya kwana a gefen gadonka, amma bai iya tsayawa gaban runduna ya ce ya yi kuskure ba. Bakinmu ba ya faɗa, kamar yadda ka ce.

Alhamis ta zo. Da safe leburori suka iso da tsani da kwalaye. Sajan ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta naɗe hannu, ba ta da ikon hanawa, ba ta kuma da niyyar matsawa. A allon aiki an rubuta cewa Zakara ne zai ja tashin wannan safiya, jirage huɗu, hanya mai nisa. Muka gan shi ya taho ta baranda sanye da kayan tashi, hular ƙarfe a hammata. Darare a asibiti, ga jana'iza, ga zaman karɓar gaisuwa. Idanunsa sun faɗa. Duk mun gani, kuma babu mai muƙamin da zai gayyace shi shayi. Wanda yake da wannan iko yana makwancinsa.

Ya zo daidai ƙofar ya tsaya. Shugaban leburori ya ce, "Yallaɓai, mu fara da labule ko da kujera?"

Zakara ya juya masa baya. Ya dubi Sajan ya ce, "Akwai ruwa a butar?"

Ta ce, "Akwai, ranka ya daɗe."

Ya ciro wayarsa ya jefa a kwando da kansa. Ya miƙa mata yatsunsa ta duba, ta kuwa duba, ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage masa komai ba. Ya karɓi cokali ya shiga ya ja ƙofa. Sajan ta ɗora buta. Ban taɓa ganin runduna guda ta mayaƙa ta tsaya tana kallon buta da irin wannan tawali'u ba. Leburori ma suka sauke tsani a hankali.

Ruwa bai ko fara motsi ba muka ji ƙarar. Tire ya amsa har ƙarshen baranda.

Muka jira ya fito ya ce santsi ne. Bai fito ba. Sajan ta leƙa ta ɗauko cokali, muka ji ta ce a hankali, "Koma abinka, yallaɓai. Sama ba ta gudu." Ba a jima ba minshari ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, mai nauyi, irin na wanda ya daɗe yana riƙe da shi.

Kwamanda ya iso yana tambayar me ya tsayar da aiki. Ya dubi leburori, ya dubi buta, ya saurara. Sai ya rage murya ya ce, "Ku kai kwalayen bayan rumfa, a nema musu wani wuri. Kuma ku tafi a hankali, akwai mai barci." Dabara aka ba jagorancin tashin, bayan shi ma ya zauna a kujerar ofis an ba shi cokali, an kuma wanke masa yatsu da sabulu don kawar da shakka. Buta ce ta yi nasara. Da azahar Zakara ya fito, ya zagaya baranda cikin rana kamar yadda ka koyar, sannan ya je allo ya goge umarnin kwashe ɗaki da tafin hannunsa. Bai yi jawabi ba, mu ma ba mu nema ba. Ƙarfe ya riga ya faɗa.

To, Baba Likita, ga rahoton da nake gabatar maka cikin ladabi: labulenka na nan a rataye, kujerarka na nan, kuma wanda ya fi kowa adawa da kotunka shi ne ya fara kai kansa gabanta bayan ba ka. Sauran tambayoyina na haƙura da su. Wataƙila ba duka ne aka yi don a amsa ba.

Allah Ya jiƙan ka da rahamarSa, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Duk matuƙin da ya koma gida ya tarar da 'ya'yansa saboda ka hana shi tashi, Allah Ya sa shi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama da 'ya'yanka da jikokinka, ga Sajan da ta rasa uba a wurin aiki, ga Zakara da ya rasa abokin faɗa a daidai lokacin da ya zama ɗa, da ga rundunarmu baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen. Mun so mu mayar wa Mama cokulanta, ta ce a bar su inda suke, a can suka fi amfani.

Ka yi rayuwarka kana gadin barcinmu. Allah Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi, Ya sa kana cikin waɗanda ake ce wa su yi barci irin na ango, wanda ba mai tashin sa sai mafi soyuwa a gare shi. Koma abinka, Baba. Mun ja maka labule.